Tahash, Fatar da Aka Manta Dabbarta

Ni ne na yi laifin, ba Baffa Gado ba. Shekaru da dama mutanen majemarmu suna cewa tsufa ne ya sa idonsa ya kuskure fata ɗaya, ina ji ina yin shiru. Idonsa bai kuskure kome ba. Ni na ruɗe shi. Ku samarin da kuke cewa jima ba ta wuce a jiƙa, a kankare, a shanya ba, ku saurara, don a kan fatar nan na koyi sana'ar da nake tsammanin na riga na iya.

Aikin farko da Baffa ya ba ni shi ne dakan bagaruwa. Ƙanen mahaifina ne, shi ke da majema a bayan gari wajen fadama, inda iska ke kwashe wari ta kai wa wasu. Shekara biyu ina daka, ina tankaɗe ƙwallon, ina jiƙa garin a kwatarniya, bai bar ni na taɓa kartaji ba, wato ƙarfen nan mai mariƙi biyu da ake kankare gashi da shi. Sai a shekara ta uku ya nuna mini yadda ake kwantar da fata a ruwan toka har gashi ya saki, yadda ake shimfiɗa ta a kan gungume a tura kartaji ba tare da an ji mata ciwo ba, da yadda ake sa ta a ruwan kashin tantabara ta yi laushi. Wannan ruwan shi ne warin da kuke gudu. In ka bar ta ciki ta wuce lokaci, ta ruɓe. In ka cire ta da wuri, ta fito kamar ƙirgin ganga. Ba agogo muke da shi ba, babban yatsa ne: ka danna, in wurin ya zauna bai taso ba, ta isa.

Daga nan sai bagaruwa, kuma a nan ne jima take. Ana taka fata a ciki, a juya, a zubar da ruwan da ya gaji a sa sabo. Fatar akuya kwana uku ko huɗu ta ƙoshi. Fatar maraƙi kuwa sai ta sha kwana ashirin. Baffa yana da gwaji guda da ba ya tsallakewa. Zai yanki ɗan siriri daga wuya, don nan ne fata ta fi kauri, ya duba bakin yankan. In launin bagaruwa ya ratsa daga sama har ƙasa, ta jemu. In akwai farin zare a tsakiya, cikinta ɗanye ne, ko da wajenta ya yi kyau kamar me.

Ni ban son kwatarniya ba. Hannuna ya yi baƙi har gwiwa, in na shiga sahu a masallaci sai in ga na kusa da ni yana ɗan ja da baya. Abin da nake so shi ne ja. In aka daka karan dafi, aka haɗa da ruwan kanwa, aka shafa wa fatar akuyar Sakkwato, aka bi ta da lemon tsami, wani ja ne ke fitowa wanda Larabawa ke ƙetare sahara dominsa. Hannuna ya faɗa da shi tun ina ɗan shekara ashirin. Badukai suka fara cewa a ba su jan Ummaru. Kaina ya kumbura. Na ɗauka rini shi ne sana'a, jima kuwa bauta ce.

Shekara bakwai ko takwas bayan zuwan Nasara, masu sayen fata suka yi yawa a gari. A cikinsu akwai wani dattijo Bayahude daga Turabulus, sunansa Ishaku. Gidan wani fatoma mai saukar da baƙin fatake ya sauka, ya iya Hausa irin ta Kano, ba ya cin naman kasuwa, ba ya taɓa ciniki ranar Asabar ko da za ka ba shi fata kyauta. Don haka aka sa masa Ishaku mai Asabar. Ban taɓa ganin mai duban fata kamarsa ba. Kowace ɗaya sai ya ɗaga ta a rana, ya nemo inda wuƙar mahauci ta zame, ya shinshina, ya murza. Shi da Baffa kullum cikin tsiya suke.

"Mai Asabar, hutun ya ƙare?" in ji Baffa in ya gan shi ranar Lahadi. "Mu talakkawa muna nan muna wari."

"Shekaranjiya Juma'a na wuce ta nan, Gado. Kwatarniya kaɗai na gaisar."

Wata rana gab da damina ya zo ba don fatar ciniki ba. Ya zauna a inuwar rumfa, ya wanke hannu, ya kwance wani ƙulli a hankali. Littafi ne mai kauri, rubutun hannu, baƙaƙensa a tsaye kamar an jera tubali. Ya ce Attaura ce da harshen Ibrananci, mahaifinsa ne ya kwafe ta shekara shida yana yi, kuma shi kaɗai ne abin gidansu da ya rage masa. Gafakarsa ta mutu. Yana son sabuwa mai ruɓi biyu: jar fatar rago a ciki, a waje kuma fatar maraƙi mai kauri, ba rini, ba ado.

Na kasa yin shiru. "Malam Ishaku, ka juya zancen. Wa ka sa riga mai aiki shi ruhe ta da warki? Jan shi ad da waje."

"Haka aka yi umarni," in ji shi. "Ba ni na tsara ba."

Ya buɗe littafin, ya aza yatsa ƙarƙashin wata kalma mai baƙi uku. Ya ce lokacin da Annabi Musa yake daji da mutanensa, Ubangiji Ya umarce shi ya kafa alfarwa ta ibada, Ya faɗa masa kowane abu da za a sa. A can ciki zinariya ce da labule masu shuɗi da ja. A kansu bargo na gashin awaki. A kan bargon fatun raguna da aka rina ja. A kan kome da kome kuma, abin da ke fuskantar rana da ruwa, fatar wannan kalma. Ya karanta ta: tahash. Ya ce in za su tashi daga zango, da ita ake naɗe kayan ibada masu tsarki kafin a ɗauka.

"To wace dabba ta?" in ji Baffa.

"Ba wanda ya sani."

"Kamar ƙaƙa ba a sani ba? Ba harshenku na ba?"

"Harshenmu ne. Kalmar tana nan, dabbar ta ɓace daga cikinta. Malamanmu sun yi ta jayayya tun kafin a haifi kakannin kakannina. Wasu sun ce dabbar teku ce. Wasu sun ce wata halitta ce mai launi da yawa da ƙaho guda, an yi ta domin wannan aiki kaɗai, da aka gama aka ɓoye ta. Wasu sun ce ba dabba ba ce, irin jimar ce ake kira haka. In ka cire zancen alfarwar, wuri ɗaya tak kalmar ta sake fitowa, a littafin wani annabinmu. A nan Ubangiji Ya kwatanta mutanensa da jaririya da aka yar a fili, Ya tsince ta, Ya wanke ta, Ya suturta ta, Ya yi mata takalmi da tahash." Ya rufe littafin. "Fatar da ta rufe ɗakinsa, ita ce a tafin ƙafar yasasshiya. Shekara hamsin ina juya wannan a raina ban kai ƙarshensa ba."

Masu taka fata suka tsaya da ƙafa cikin kwatarniya. Baffa ya dubi hannuwansa baƙi ƙirin.

"Subhanallahi. Ashe Ubangiji Ya ambaci majemi?"

"Bai ambaci sunansa ba. Aikinsa Ya ambata."

"Shekara nawa sunka yi cikin dajin?"

"Arba'in."

Baffa ya daɗe yana kaɗa kai. "Ni ban san dabbar ba, Ishaku, kuma ba ni da karatun da zan yi gardama da malamanku. Amma majemin na san shi. Hwatar da tas sha ranar shekara arba'in ba ta tsage ba, wanda yaj jeme ta bai yi gaugawa ba. Ya san ba wanda za ya yaba mai. Mai wucewa ba ya ganin zinariya, ba ya ganin ja, tudu na kawai mai launin ƙasa. Amma in aikinai ya ɓaci, duk na ciki ya ɓaci."

Ishaku ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Ya ce a duk jayayyar da ya karanta, ba wanda ya tambayi majemi.

Ni Musulmi ne, ban ce muku ku bi littafin kowa ba. Daga baya na kai wa malaminmu zancen, ya ce irin wannan labari ba a gaskata shi ba a ƙaryata shi, amma mu ma an faɗa mana cewa Allah Ya yi wa mutane ɗakuna daga fatun dabbobi, marasa nauyi ranar tafiya, kuma Ya lissafa wannan cikin ni'imominsa. Abin da na sani shi ne, ran nan Baffa ya koma bakin kwatarniya yana tafiya kamar mai shiga masallaci. Ni kuwa abin da na ji kawai shi ne za a ɓoye jana.

Aikin duka biyu Baffa ya danƙa mini, don shuka ta zo, zai tafi gona ya yi mako uku. Fatar ragon na yi ta da zuciya ɗaya, ban taɓa fitar da ja kamarsa ba. Fatar maraƙin kuwa ta cinye mini babbar kwatarniya, ga wani dillali daga Kano yana jiran fatun awaki talatin, kullum yana tsaye a kaina. Ran kwana tara na ɗaga ta. Wajenta ya yi launin ƙasa mai kyau. Na ce a raina, fata ce da ba rini, wa zai duba? Na kuma ce wani abin da ya fi wannan muni, zan faɗe shi tunda faɗa na zo yi: na ce ai littafin Bayahude ne. Na tsame ta, na shanya a inuwa, na ɗirka mata man gyaɗa har ta yi sheƙi, na murza ta a gungume ta yi laushi. Mai yana rufe asirin ɗanyar fata na ɗan lokaci. Duk majemi ya san wannan, shi ya sa ake yanka wuya.

Da Baffa ya dawo ya ce in kawo masa yanki. Sai na koma bayan rumfa, na yanko daga gefen ciki, inda fata ta fi sirantaka kuma bagaruwa ke saurin ratsawa. Na karkata wuƙar, yankan ya yi faɗi kamar na wuri mai kauri. Ya duba. Babu farin zare. Ya ɗago ya dube ni.

"Wuya na?"

"Wuya na, Baffa."

Shi ke nan, bai tashi ya duba da kansa ba. Shekara goma sha biyu ina hannunsa.

Ranar da Ishaku ya zo karɓa, na jira ya ɗaga ta a rana kamar yadda ya saba. Bai ɗaga ba. Ya naɗe ta ya sa a hammata. Baffa ya ce, "Mai Asabar, yau idon ya gaji?" Ya ce, "Wadda nake ɗagawa ta ciniki ce, Gado. Wannan amana ce. Ba a ɗaga amana a rana."

Baduku ya ɗinka gafakar da kyau, ba shi da laifi. Bayan wata guda Ishaku ya tashi da jakuna zai kai kaya arewa. Wajen ƙetare gulbi a Kwalkwalawa jakin da ke ɗauke da littafin ya zame, kaya suka faɗa ruwa. Ba su daɗe ba, an ce bai fi a karanta Fatiha uku ba. Ya taɓa gafakar ya ji ta a rufe, hankalinsa ya kwanta, suka ci gaba cikin yayyafi. Fatar da ta jemu, ta sha mai, ruwa zamewa yake a kanta. Ɗanyar fata kuwa shan ruwa take ta tsakiya, ta kumbura, ta ɓalle ɗinki, ta riƙe danshin ta miƙa wa na ciki. Sai bayan kwana biyu ya ji wari, shi da ya san warin fata fiye da kowa.

Da hantsi ya iso majema, shi kaɗai, a ƙafa. Bai yi tsiya ba, bai ɗaga murya ba. Ya ajiye gafakar a gaban Baffa, ta ƙandare ta murɗe kamar ƙaho. Ya buɗe littafin. Jana, jan da nake taƙama da shi, ya narke ya bi takardun, ya haɗu da tawada. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya manne ya zama dunƙule. Wurin da ya aza yatsa ran nan yana ciki.

Baffa ya ce ko za a sami wani littafin a Turabulus a kwafa.

"Kalmomin suna cikin kaina, Gado, ba su jiƙe ba. Hannun ubana ne ba ya cikin kaina."

Baffa ya zaro wuƙa ya yanka gafakar ta gefen wuya. Farin zare ya fito, mai kauri, ko makaho zai shafa ya ji. Majema duka ana kallo, ga badukai biyu da suka zo sayayya. Ina tsaye bayansa, nisan taki uku. Bai waiwayo ba.

"Majemata ta," ya ce. "Laihina na. Ni nid duba ta."

Na buɗe baki na rufe. Wannan shirun shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko.

Baffa bai taɓa tayar mini da zancen ba har ya bar duniya. Abin da ya yi kawai, washegari ya ɗauke ƙwaryar karan dafi daga wurina ya miƙo mini taɓarya. Na koma dakan bagaruwa shekara guda cur, ina da gemu. Amma abin da ya same shi ya fi nawa. Badukan da shekara talatin suke ɗaukar fatarsa ba dubawa, suka fara yanka wuya a gabansa. Yakan miƙa musu wuƙar da hannunsa.

Shekara uku bayan haka aka yi muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke gero yana bunni. Mutanen ƙauye suka cika gari, awaki suna mutuwa a hanya. Fata ta yi yawa amma ba ta da amfani, don dabbar da ta mutu da yunwa fatarta kamar takarda take, kartaji na taɓa ta sai ta yage. Bagaruwa ma ta yi wuya, makiyaya sun kakkaɓe ta sun ba dabbobi. Majema takwas ne a layinmu, uku suka rage. A wannan shekara Baffa ya kwanta. Kullum ina cewa gobe zan faɗa, in ya ɗan ji sauƙi. Ya rasu ban faɗa ba. A wurin zaman makoki na ji wani yana cewa, Allah Ya jiƙan Gado, gwani ne, sai dai ido ya ci amanarsa a ƙarshe.

Ishaku yana gari duk wannan lokaci, idonsa ya fara hazo, ciniki ya mutu. Ragowar littafin yana naɗe da tsumma. In ya biyo ta layinmu sai in shige bayan rumfa. Da kaka ta zagayo aka sami hatsi, na ji labarin zai koma ƙasarsu gaba ɗaya, ta Kano, in ayari ya haɗu.

Na ƙudura sai na yi masa wata fatar kafin ya tafi. Fatar maraƙin da na nema sai da na je har rugar Fulani na zaɓi dabbar tana tsaye, na tsaya a kan mahauci yana fiɗa. Bagaruwa kuwa yini biyu na yi a ƙafa kafin na sami itatuwan da ba a taɓa ba. Na sa ta a babbar kwatarniya. Kowane kwana huɗu sabon ruwa, kowace safiya taki da juyi. Ran kwana ashirin ta isa, na sani, amma na bar ta sai da ta cika arba'in, kwana guda a madadin kowace shekara ta dajin. Dillalai suka yi ta zagina, na toshe kunne. Mai sau uku na ba ta, ina jira kowanne ya shige kafin na ƙara. Da na gama na tattara bakinta kamar salka, na cika ta da ruwa, na rataye yini guda. Ƙasan wurin bai ga ɗigo ba. A cikin kwana arba'in ɗin nan, ina taka fata ina tunanin wancan majemin da ba a san sunansa ba, a tsakiyar daji, yana taka tasa, ya san abin da za ta rufe. Har yau in na shiga kwatarniya sai na tuna da shi. Ku da kuke tsame fata don mai saye yana tsaye, ba ku san abin da za a naɗe a cikinta ba. Ni ma ban sani ba, ko da yake an faɗa mini.

Ranar kasuwa na zaɓa, da rana tsaka, lokacin da zauren fatoman ke cike da badukai da dillalai, don a gaban irinsu aka kunyata Baffa. Na yi sallama na durƙusa, na shimfiɗa sabuwar jar fatar rago da na rina masa, na shimfiɗa ta maraƙin a kanta. Ishaku ya shafa da tafin hannu, ya shinshina.

"Wane ne?"

"Ummaru na, na majemar Gado." Na miƙa masa wuƙa. "Yanka wuya, Malam Ishaku."

"Na faɗa wa baffanka. Ba a ɗaga amana a rana."

"Tawa a ɗaga ta."

Bai karɓa ba. Sai na yanka da kaina, a tsakiyar wuya inda ta fi kauri, na ba baduku na kusa, ya duba ya miƙa wa na gaba, yankin ya zagaye zauren har ya dawo hannun Ishaku. Launin ƙasa ne daga sama har ƙasa. Na jira aka yi tsit, sannan na ce:

"Jama'a, ku shaida. Hwatar da tab ɓata littahin wanga bawan Allah, ni nij jeme ta, ba Baffa Gado ba. Kwana tara nit tsame ta, na ruhe da mai, na yanko ciki na ce mai wuya na. Idonai lahiya lau yake hal ya mutu, yarda da ni kawai yay yi. Malam Ishaku, ka hwaɗa min abin da za a naɗe, na ji da kunnena, na rena shi don naka na. Wagga hwata ba ta maido hannun mahaihinka ba, na sani. Baffa ya wuce ban roƙe shi ba, kai kaɗai kar rage min. Na cuce ka. Don girman Wanda Yay yi umarni da tahash, ka yahe min."